Za a yi wa ɗana aikin kaba, daren farko nake tsoro

Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa biyu da wata bakwai, nauyinsa kilo 12, kuma mako mai zuwa za a yi masa aikin kaba a matsematsinsa na dama. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, a ranar za a sallame mu. Likitan sa barci kuma ya ce bayan yaron ya yi barci za a yi masa wata allura a ƙasan baya don kada ya farka cikin zafi. Tunda yayar mijina ta ji an ambaci allurar baya ta tayar wa kowa da hankali, wai tana gurgunta yara. Surukata kuwa cewa take yi yaro bai san zafi ba, ko ya ji gobe ya manta, kada in yi ta ɗura masa magani in lalata masa hanta. Ni kuma ban manta da daren da aka yi wa babbar 'yata aikin afendis ba, ta kwana tana nishi ni na kwana ina kuka. Wata maƙwabciyata ta ba ni ragowar tiramadol ɗin mijinta, ta ce in gutsura masa kaɗan idan abin ya tsananta. Don Allah maganar wa zan bi?

Uwa mai fargaba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya tashi kafaɗar yaro.

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, tashi ki fitar da tiramadol ɗin daga gidanki. A cikin duk abin da kika rubuto, shi kaɗai ne ya faɗar mini da gaba. Maƙwabciyarki da zuciya ɗaya ta ba ki, na yarda, amma abin da ta miƙa miki zai iya tsayar wa yaro da numfashi yana cikin barci. Tiramadol da ɗan'uwansa kodin sai sun bi ta hanta ta sarrafa su sannan ƙarfinsu yake fitowa, kodin ma komawa yake mofin, wani maganin zafi mai ƙarfin gaske. To ba kowace hanta ce ke wannan aikin da sauri ɗaya ba, abin gado ne. Wani a hankali tasa take yi, wani kuma cikin ɗan lokaci sai jininsa ya cika da maganin, kuma ba a gane wane ne wane da ido. A Habasha an taɓa auna mutane aka samu kusan uku cikin goma masu irin wannan hanta mai sauri ne. An yi asarar yara bayan ƙananan ayyuka a kan awon da likita da kansa ya rubuta, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin don zafi a 2013, ta Amurka kuma ta hana ba irin waɗannan yara kodin da tiramadol duka a 2017. Ina ga ƙwayar babban mutum da aka gutsura da farce? Tiramadol har jijjiga yana sa wa. Haka kuma ki guji duk maganin tari mai kodin, da asfirin, wanda ba a ba yara saboda wata cuta da yake jawowa mai kumbura ƙwaƙwalwa da taɓa hanta.

Maganar surukarki kuwa kada ki ga laifinta. Abin da ta faɗa, a da manyan likitocin duniya sun daɗe suna faɗarsa. Har cikin shekarun 1980 akwai asibitoci a Amurka da Ingila da ake yi wa jarirai tiyata da maganin da ke hana su motsi, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, a kan cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba. A 1987 wani matashin likita mai suna Anand, da ya yi bincikensa a Oxford, ya nuna cewa bakwainin da aka ba maganin zafi mai ƙarfi lokacin aiki jikinsu bai firgita kamar na sauran ba, kuma matsalolin da suka biyo bayan aikin sun fi sauƙi a kansu. Daga nan aka fara gyara. Batun mantuwa kuma, gaskiya ne ɗanki ba zai girma yana ba da labarin ranar ba. Amma a 1997 masu bincike a Toronto sun gano cewa jarirai mazan da aka yi wa kaciya babu maganin zafi sun fi sauran tsala ihu da ɗaure fuska lokacin allurar rigakafi bayan wata huɗu zuwa shida. Baki bai riƙe ba, jiki ya riƙe. Yaron da aka bari cikin zafi ba ya barci, ba ya shan ruwa, yana ƙanƙame ciki yana numfashi sama-sama, kuma gobe da ya hango farar riga zai fara karkarwa.

Sai allurar baya. Ina jin na san inda yayar mijinki ta samo tsoronta. Akwai yaran da aka yi wa allurar ɗuwawu a wurin da bai dace ba, ta soki babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, suka tashi suna jan ƙafa. Duk wanda ya taɓa ganin haka dole ya ji tsoron allura a bayan yaro. Amma wannan daban ce. Sunanta kodal. Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kaiwa har ƙarshensa, a yaro kamar naki tana tsayawa ne daidai ƙugu. Can ƙasa da nan sosai, dab da saman tsagar ɗuwawu, akwai wata 'yar kafa a jikin ƙashin da fata da wani siririn tantani kawai suka rufe. Ta nan ake zuba maganin kashe jiki, dangin wanda likitan haƙori ke amfani da shi, ya jiƙa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga cibiya zuwa ƙasa. Allurar ba ta kusantar laka, kuma yaron yana barci ake yin ta, bai ma san an yi ba. Tun 1933 wani likitan mafitsara a Amurka mai suna Campbell ya fara yi wa yara ita, yau kuma tana cikin waɗanda aka fi yi a aikin kaba, da sauko da maraina, da gyaran mafitar fitsari. A 2015 an fitar da bayanin irin wannan allura 18,650 da aka tattara daga asibitocin yara na Amurka: ƙasa da biyu cikin ɗari ne aka samu wata tangarɗa, yawanci allurar ce ba ta kama ba, kuma ba a samu yaro ko ɗaya da ta bar wa nakasa ba.

Ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, duk allura allura ce. Wani lokaci maganin kan kuskure ya shiga jijiyar jini, shi ya sa ake yin ta a ɗakin tiyata na'urori suna kallon bugun zuciya. Ƙafafu sukan yi nauyi na 'yan sa'o'i, fitsari yakan ɗan yi jinkiri. Ki gaya wa likitan sa barci idan yaron yana da sikila, ko asma, ko ciwon ƙoda, ko jininsa yana daɗewa bai tsaya ba, ko akwai ƙurji, rami ko tsiron gashi a ƙasan bayansa. Idan kodal ba ta dace da shi ba akwai wata hanyar, a kashe jijiyoyin matsematsin kawai ta gefen ciki, ko a zuba maganin a bakin yankan. Amfanin duka ɗaya ne: ya farka babu raɗaɗi, kuma ba sai an cika shi da magunguna masu ƙarfi ba. Ni dai da ɗana ne, zan sa hannu a takardar ban yi ɗar ba.

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki, domin a nan ne iyaye da yawa suke shan wuya, kuma ina zargin irin abin da ya sami 'yarki ke nan. Allurar nan tana da wa'adi. Sa'a huɗu zuwa shida take yi, wani lokaci ta ɗan fi haka idan an haɗa ta da wani magani. An yi aiki da safe, da azahar yaro yana zaune yana wasa da filastar hannunsa, kowa na hamdala, a sallame ku. A gida a ce ai lafiyarsa ƙalau, me za a ba shi magani? Sai dare ya yi, maganin ya sake shi, zafin ya taso gaba ɗaya. A lokacin yana ihu yana bankarewa, ba ya ko yarda a kai masa abu baki, wanda aka samu aka ɗura kuma sai ya yi rabin sa'a ko fiye kafin ya fara aiki. Na sha ganin uwa ta dawo asibiti cikin dare da yaro a kafaɗa, kwalbar maganin tana cikin jaka ko buɗe ta ba a yi ba. Zafin bayan tiyata ba baƙo ba ne da zai zo ba sallama, an san yana tafe, an san kusan sa'ar da zai iso. Saboda haka a kwana biyun farko agogo za ki bi, ba kuka ba.

Kafin ku bar asibiti ki tambayi ma'aikaciyar jinya abu uku, ki rubuta amsar a takarda: wane maganin zafi aka riga aka ba shi a ɗakin tiyata da ƙarfe nawa, ƙarfe nawa ne na gaba, kuma wace lamba za ki kira idan dare ya yi. Tambayar farko tana da muhimmanci, domin sau da yawa an riga an ba yaro farasitamol ta jijiya, ko an sa masa wani magani ta dubura, uwa ba ta sani ba ta je gida ta ƙara a kai.

Magungunan da aka saba sallamar yara da su biyu ne, farasitamol da ibufurofen, kuma da nauyin yaro ake auna su, ba da shekarunsa ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo. Ɗanki mai kilo 12 zai sha miligiram 180 ke nan. Idan a jikin kwalbar an rubuta 120mg/5ml, mililita 7.5 za ki ja. Amma ki duba da kyau, akwai mai 250mg/5ml, wanda ya ninka wancan ƙarfi har da ɗoriya, kuma kwalaben kan yi kama. Ana bayarwa duk bayan sa'a shida, tsakani bai taɓa gaza sa'a huɗu ba, kuma ba a wuce sau huɗu a yini da kwana. Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, duk bayan sa'a shida zuwa takwas. A kwalba mai 100mg/5ml, naki zai faɗa tsakanin mililita 3 da 6. Hanyar aikinsu daban-daban ce, don haka ana iya haɗa su, kuma a haɗe sun fi kowannensu shi kaɗai. Ibufurofen yana son ciki da ɗan abu a ciki, kuma ba a ba yaron da ke amai ko gudawa ko ya ƙi shan ruwa, ko mai ciwon ƙoda, ko jariri ɗan ƙasa da wata uku. Na kawo miki lissafin nan ne don ki gane abin da aka rubuta miki, ki iya tambaya idan kin ga bambanci. Abin da likitan da ya ga yaron ya rubuta shi ne za ki bi.

A nan surukarki tana da gaskiya rabi: farasitamol ɗin da ya wuce kima yana lalata hanta, kuma sau da yawa a ranar farko ba ya nuna alama. Sai dai ba bin ƙa'ida ke jawo hakan ba. Abin da ke jawo shi, awo da cokalin kicin wanda wani babba wani ƙarami, da maganin mura mai farasitamol a ciki da aka ƙara a kai ba a karanta ba, da mutum biyu a gida kowa ya ba yaro bai san ɗayan ya bayar ba. Ki nemi sirinjin awon magani, marar allura, ki riƙa tura maganin kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Ki liƙa takarda a bango, duk wanda ya bayar ya rubuta lokaci da awo. Na kafin barci kada ya wuce ki ko da yaron yana tsalle. Idan lokacin na tsakar dare ya yi kika tarar yana barcinsa cikin natsuwa, ba dole ki tashe shi ba, amma da ya motsa ki ba shi. Bayan kwana biyu sai ki fara ja da baya, ki bayar idan kin ga alama. Yawancin yaran da aka yi wa aikin kaba zuwa kwana na uku sun koma ɓarnarsu.

To yaya za ki gane alamar a yaron da bai iya cewa nan ke mini ciwo ba? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ma'aikatan jinya suna da wani ma'auni da aka tsara a Jami'ar Michigan a 1997 don yara daga wata biyu zuwa shekara bakwai, abu biyar yake dubawa: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yaro yana rarrasuwa. Kowanne ana ba shi maki daga sifili zuwa biyu, jimilla goma. Ba sai kin riƙe lissafin ba, ki riƙe wuraren dubawa. Goshi a tattare, haƙora a cije, ƙafafu a naɗe zuwa ciki ko ana ta harbi da su, jiki a sandare. Mafi amfani a wurina shi ne na ƙarshen. Yaron da yunwa ko tsoro ko rigima ke damunsa, idan kika ɗauke shi kika rungume zai lafa. Wanda zafi ke ci ba ya lafawa, wani ma ɗaukar ce ke ƙara masa kuka.

Kuma ina roƙonki ki ji tsoron shiru. Yaro mai ƙiriniya da ya kwanta lamo, ba ya juyi, ba ya son wasan da ya saba, ya kawar da kai daga abin sha, yana bin mutane da ido kawai, wannan ba haƙuri yake yi ba. Ya gane cewa motsi na ƙara masa ciwo ne ya daina. Irin waɗannan su ake yaba wa da jarumta a bar su babu magani. Ke kika san ɗanki fiye da kowane likita. Idan kin ga ba shi ba ne, ki yarda da idonki.

Akwai kuma kukan da ba na zafi ba, gara ki san da shi don kada ki rikice. Wasu yara 'yan shekara biyu zuwa biyar, suna farkawa daga maganin barci sai su kama ihu da fizge-fizge, ido a buɗe amma ba su gane kowa ba, har uwarsu. Gigin maganin ne, yakan wuce cikin kwata zuwa rabin sa'a, kuma ma'aikatan ɗakin farfaɗowa sun san shi. Ki riƙe shi kada ya bugu ko ya tuge abin hannunsa, ki yi ta kiran sunansa a hankali.

Magani rabin aikin ne, sauran rabin jikinki ne. Ki roƙa a shigar da ke wurinsa da zarar ya fara farkawa. Ki tafi da abin da ya saba barci da shi. Kada ki yi masa ƙaryar cewa yawo za ku je. Ko a shekarunsa yana gane an ce likita zai gyara masa ciki, zai yi barci, yana tashi Mama tana nan. A gida ki ɗauke shi ta ƙarƙashin cinyoyi da baya, kada ki ɗaga shi ta hammata ƙafafu na reto. Ki sa masa sutura sakakkiya, kada bakin wando ko famfas ya zauna a kan ɗinkin. Kafin ƙafafunsa su dawo daidai kada ki bar shi ya yi tafiya shi kaɗai, kuma kada a kusantar masa da wani abu mai zafi, domin fatar da aka kashe ba ta jin ƙuna. Ki yawaita ba shi ruwa, saboda yunƙurin bayan gida mai tauri yana taso da ciwon wurin. Kada a shafa komai a kan yankan sai abin da asibiti suka ce.

Ɗan kumburi da duhun fata a matsematsi ko maraina ba abin damuwa ba ne, yana sacewa cikin kwanaki. Abin da zai sa ki koma asibiti ba jiran wayewar gari shi ne zafin da ke ƙaruwa duk da ana ba da magani a kan lokaci, ko amai da ya ƙi tsayawa, musamman kore, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. Haka idan ya yi sa'a takwas zuwa goma bai yi fitsari ba, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko wurin ya yi ja yana zafi yana fitar da ruwa ko jini, ko maraina suna ta ƙara girma. Idan kuma ƙafafun ba su warware ba har gari ya waye, ki kira su. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne barcin da kika tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashi ya yi ƙasa, ko leɓe ya canja launi. A duk waɗannan kada ki ƙara awon magani da kanki.

Yayar mijinki da surukarki duka son yaron ne ya sa suke magana, don haka kada ki mayar da abin gardama. Ki nemi maigidan ya tafi da yayarsa ranar ganin likitan sa barci, ta yi tambayarta da bakinta, a nuna mata a jikin hoto inda laka ta tsaya da inda allurar ke shiga. Hajiya kuma ki damƙa mata takardar bangon, ki ce ita ce mai tsaron kada a wuce sau huɗu, tunda hantar jikanta take ji wa tsoro. Idan bayan kun dawo gida kika ga yaron ya maƙale miki, yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance, hakan yana faruwa da yara da yawa bayan asibiti, yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Ki rubuto mini bayan aikin in ji yadda daren farko ya kasance. Allah ya ba shi lafiya.